Darasin Aku: Salon Abubakar Imam da Rubutunmu Kan Matasa Masu Bindiga

Makon nan za mu waiwayi baya, mu ga abin da za mu tsinto don rubutun yau.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Ya zo mata da salon hira: jimla gajeriya, karin magana daidai wurinta, da yi wa mai karatu magana kamar ana zaune a tabarma ɗaya. Tun kafin jaridar ya nuna wannan hannu a Magana Jari Ce. Mu tuna yadda littafi na farko yake. Musa ɗan sarki yana ɗokin fita fagen yaƙi, waziri ya ɗana masa tarko a waje. Aku bai zage shi ba, bai kuma kira shi ɗan iska ba. Labari ya riƙa ba shi dare bayan dare har gari ya waye, yaro ya tsira.

To mu fa? Tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 jaridu ke laƙaba wa matasa masu makami suna: 'yan banga, daga baya 'yan daba, yanzu kuma 'yan bindiga. Da fashi da satar shanu suka addabi Dajin Falgore da hanyar Kano zuwa Jos, har sojoji suka shiga dajin da atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017, yawancin sharhinmu kalma ɗaya ya riƙe: ɓata-gari. Daga nan sai la'ana, sai kira ga gwamnati, sai addu'a. An gama.

Matsalar wannan kalma ita ce tana rufe fuskar yaron. Wanda ya karanta a Doguwa, Tudun Wada, Kiru ko Bebeji ya san yaron nan yana da uwa, yana da unguwa, wataƙila shanun ubansa aka fara kwashewa, ko ɗan siyasa ne ya fara danƙa masa gora da kuɗin ƙwaya. Idan marubuci bai nuna wannan hanya ba, uban da ɗansa ke kanta yau ba zai gane ta ba.

Ba cewa muke a wanke mai laifi ba. Wanda aka harbe shi ma yana da suna da marayu, kuma shi ya fi cancanta a fara da shi. Cewa muke mu ba da labari tukuna, hukunci ya biyo baya.

Aikin makon nan: kowa ya rubuta sakin layi ɗaya kan matashin da ya ɗauki makami, ba tare da kalmar ɓata-gari ba, ba kuma tare da sunan kowa na gaskiya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya.