Dokin da Ba Ya Cin Ciyawa: Tarihin Lambar da Ake Sayar da Babur da Ita

Wanda ya sayi babur ɗin tsere mai matsakaicin girma, irin su Yamaha R6 ko Honda CBR600RR, zai ga takardar kamfani ta ce injin yana da ƙarfin doki kusan 120. In ya kai shi wurin gwaji aka ɗora tayar baya a kan na'urar auna ƙarfi, wadda makanikai ke kira daino, sai allo ya nuna ɗari da ɗoriya, tsakanin 100 da 110. Da yawa sukan ɗauka an cuce su, ko injin ya gaji. A mafi yawan lokuta babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Giɓin da ke tsakanin lambobin biyu yana da tarihin da ya haura shekara 200, kuma tun daga tushe ma'aunin ya taso ne a teburin ciniki.

A ƙarshen ƙarni na 18, James Watt ɗan ƙasar Sikotlan da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton suna sayar da injinan tururi ga masu haƙar ma'adinai a Cornwall da ke Ingila. Ladansu shi ne kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal da sabon injin ya rage idan aka kwatanta da tsohon injin Newcomen. Da suka juya ga masu gidajen niƙa da masana'antu, wannan lissafi bai yi aiki ba, domin waɗannan mutane ba su da tsohon inji. Dawakai ne ke juya musu dutsen niƙa, kuma tambayarsu ɗaya ce: dawakai nawa injinka zai maye? A farkon shekarun 1780 Watt ya ƙiyasta aikin dokin niƙa, ya zagaye lambar zuwa ɗaga laba 33,000 tsayin ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. Wannan shi ne ƙarfin doki ɗaya, daidai da wat 746 a ma'aunin yau.

Ko a nan ba a zama baki ɗaya ba. Ƙasashen da ke amfani da mita da kilo suka tsara nasu dokin, wanda Jamusawa ke rubutawa PS: ɗaga kilo 75 tsayin mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, wato kusan wat 735 da rabi. Kamfanonin Japan da na Turai sukan buga lambarsu da wannan ƙaramin doki. PS 120 bai wuce doki 118 na Watt ba, don haka an riga an rasa biyu tun ba a tayar da inji ba.

Samun ma'auni daban, auna inji da shi daban. A 1821 injiniyan Faransa Gaspard de Prony ya ƙera birkin da ake matse sandar inji da shi, a auna ƙarfin murɗawar da take yi a kan wani dogon hannu, a haɗa da yawan juyinta a minti. A 1877 William Froude na Ingila ya kawo wanda ke amfani da turjiyar ruwa. Ƙa'idar ba ta canza ba har yau: ƙarfin murɗawa a ninka da saurin juyi. Abin lura shi ne waɗannan na'urori suna auna inji shi kaɗai, a bakin sandarsa. A nan kamfanoni ke ɗaukar lambar da suke bugawa. Kafin ƙarfin ya isa kwalta sai ya ratsa kuloci, akwatin giya, sarƙa da taya, kowanne yana karɓar kasonsa, kuma a babur mai sarƙa asarar takan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Ajin babura masu sisi 600 ya kafu ne a tsakiyar shekarun 1980. Kawasaki ya fito da GPz600R a 1985, Honda ya biyo da CBR600F a 1987 da iƙirarin doki 85. Tun da girman inji ɗaya ne ga kowa, hanyar zarce abokin hamayya ita ce sa injin ya ƙara saurin juyi. A 1999 Yamaha ya gabatar da R6 da iƙirarin doki 120, lambar da ta haɗa da iskar da gudu ke turawa cikin inji ta kafar gaba. Babur ɗin da aka ɗaure a ɗakin gwaji ba ya samun wannan iska yadda yake samu a kan hanya. Gasar lambobi ta kai ƙololuwa a 2006, lokacin da aka tallata sabuwar R6 da cewa tana kai juyi 17,500 a minti. Masu gwaji suka gano cewa agogon juyin yana ƙari, injin yana tsayawa ƙasa da haka da fiye da juyi 1,000. Kamfanin ya amsa laifi, ya yi tayin karɓar baburan daga duk wanda bai gamsu ba.

Na'urar da ta ba mujallu da makanikai damar bin diddigin kamfanoni ita ma tana da nata labarin. A shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna Mark Dobeck, wanda ya kafa kamfanin Dynojet, yana sayar da kayan gyaran kafireta, yana kuma neman hanyar da dillalai za su nuna wa masu saye cewa gyaran ya yi amfani. Ya ƙera na'ura mai araha: gangar ƙarfe mai sanannen nauyi, tayar baya ta juya ta, kwamfuta ta lissafa ƙarfi daga saurin da gangar ke ƙarawa. Kamar yadda mujallar Hot Rod ta ruwaito, an gwada ta da Yamaha V-Max ta 1985 wadda kamfani ya ce tana da doki 145. Lissafi ya ba da kusan 90, sauran na'urorin lokacin kuwa suna ba da kusan 120. Dobeck ya sa aka gyara lissafin har ya nuna 120. Na'urar ta bazu a duniya, lambobinta suka zama abin da jama'a ke kwatance da shi, har ya zama na'urorin da ke riƙe taya da birki sukan nuna ƙasa da ita a kan babur guda.

Sai kuma batun iska. Inji yana ƙona mai ne gwargwadon iskar da ya shaƙa, kuma zafi da tudu suna sirantar da ita. Saboda haka ake gyara sakamakon gwaji zuwa wani yanayi da aka amince da shi. Ƙa'idar SAE ta Amurka tana ɗaukar zafin digiri 25, ta DIN ta Jamus digiri 20 da iska mai ɗan ƙarin nauyi, shi ya sa lambar DIN ke fin ta SAE da kashi kaɗan cikin ɗari a gwaji guda. Wannan yana da ma'ana a wurinmu. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, injin da ba shi da turbo yakan rasa fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yana rage nasa. Takardar da aka gyara ba za ta nuna wannan ba, amma mahayi zai ji shi a hannunsa.

To me ya kamata a yi tsammani? Babur ɗin tsere mai silinda huɗu da sisi 600 na shekarun 2000 zuwa yau, in yana da lafiya kuma ba a taɓa injinsa ba, yakan nuna kusan doki 100 zuwa 110 a tayar baya. Masu silinda biyu da suka karɓi kasuwa daga baya, irin su Yamaha R7 mai iƙirarin PS 73, sukan nuna sittin da wani abu. Wanda aka miƙa wa takardar gwaji a wurin ciniki ya tambayi abu uku: wace irin na'ura, wace ƙa'idar gyara, kuma a inji aka auna ko a taya. Ya kuma dubi layin jadawalin gaba ɗaya, domin rami a tsakiyarsa ko karkarwa a ƙarshensa sun fi lambar ƙololuwa bayyana halin inji. In kuwa so ake a san ko sabuwar salansa ko gyaran kwamfutar mai ya ƙara wani abu, a gwada kafin gyara da bayansa a na'ura ɗaya, a giya ɗaya, da iskar taya ɗaya, in da hali a rana ɗaya. Aikin da Dobeck ya ƙera gangarsa dominsa ke nan tun farko, kuma a nan ne har yau ta fi faɗin gaskiya.