Ƙuduji da Tsarin Darasi: Martani ga Masu Cewa Koyarwa ta Hanyar Bincike Ba Ta Dace da Mu Ba

Tun bayan da Kirschner da Sweller da Clark (2006) suka soki koyarwar da ke sakar wa ɗalibi ragama, wasu masu horar da malaman Bayoloji a kwalejojinmu na ilimi suka sami abin kafa hujja. Cewa suke yi makarantar ƙauye irin ta Mawashi ba ta da ɗakin gwaji, aji kuma ya cika maƙil, don haka koya wa ɗalibin NCE tsarin koyarwa ta hanyar bincike mai matakai biyar na Bybee ɓata lokaci ne. A ganina an ɗora wa maƙalar su Kirschner kayan da ba nata ba.

Abin da mutanen uku suka soka shi ne bincike maras jagora. Hmelo-Silver da abokan aikinta (2007) sun fayyace bambancinsa da bincike mai jagora. Jagoran kuwa a takardar shirin darasi yake zaune, kuma nan ne horonmu ya gaza. Muna koya wa ɗalibi ya jera manufa da matakan gabatarwa da auna fahimta, amma ba mu ba shi gurbin rubuta amsar da yake tsammanin yara za su zo da ita daga gida.

Ɗauki ƙuduji. Ɗan manomi a Kankiya ko Kusada zai ce gajiyar ƙasa ce ke kawo shi, kuma da ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ya fi tsananta a gonar da ta rasa taki. Malamin da ya shirya wa wannan amsa zai tambaya: to me ya sa yake fitowa a gindin gero da dawa? Sai a tono shukar da saiwarta, a wanke, yara su ga inda ya manne. Daga nan malami ya yi bayanin cewa irinsa ba ya tsira sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. Fartanya da bokitin ruwa sun isa. Zangon farko ma yakan fara ne a Satumba, lokacin da furensa ke cika gonaki.

Sai dai dole in taƙaita da'awata. Rabuwar ƙwayar halitta da dokokin gado na Mendel ba a tono su a gona. A nan mai yiwuwa bayani kai tsaye ya fi, musamman ga ajin da WAEC ke jira. Batun cunkoso kuma har yanzu yana nan. Abin da nake iya karewa shi ne darussan tsirrai da muhalli, kuma ko su sai in malamin da ke duba ɗalibi a lokacin gwajin koyarwa ya daina rage masa maki don ya fitar da yara daga aji.