Sarauniya Biktoriya Da Karnukanta

'Yan uwana mata, mu ɗan leƙa Ingila. Sarauniya Biktoriya tana da wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, Dash, abokin kaɗaicinta tun tana budurwa. Da ya mutu a 1840, a Winsa aka binne shi, har da dutsen tunawa.

To, sai ta daina kiwo? Ina! Zuciyarta ta karkata ga karnukan makiyayan Sikotland. A 1888 kuma ta taho da Marko daga Italiya, ɗan mitsitsi mai cikar gashi, jinsin Fomeraniya. Wani irinsa, Turi, shi ta ce a kawo mata tana gadon ajali a 1901.

Ni dai a ganina, wanda ya tafi ba shi da madadi. Kada ki nemi kamanninsa a jikin sabo, ki ba sabon nasa gurbin.