Daga Gwanja Zuwa Makao

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kejetia a Kumasi, ko ya bi layin shaguna a Aboabo da Asawase, zai ga tabarmin roba, da wayoyin hannu, da kayan gyaran babur, da fitilu masu caji, waɗanda yawancinsu daga ƙasar Sin suka fito. Wasu daga cikin masu shagunan nan 'ya'yan Zongo ne, jikokin fatake. Kakanninsu sun yi tafiyar watanni da jakuna domin neman goro, su kuwa jirgin sama suke shiga su tafi Guangzhou. A cikin wannan sabon fatauci akwai wani zango na yini ɗaya tak wanda ba a sayen kaya a cikinsa, amma ya zama dole ga 'yan kasuwar Afirka da yawa. Wannan zango shi ne Makao, birnin caca na kudancin Sin.

Kafin a kai can, sai an fara da Salaga. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, su haye Kwara, su bi ta Nikki da Zugu, har su iso ƙasar Gwanja. Suna kawo kanwa, da tufafi, da fatu, da dabbobi, su koma da goro. Goron kuwa ba a Gwanja yake tsiro ba, a kurmin Asante yake, amma sarakunan Kumasi sun fi so a yi cinikin a Salaga, inda wakilansu ke sa ido. Duk da haka akwai Musulmi a Kumasi tun da wuri, gama Baturen nan Bowdich ya tarar da su a fadar Osei Bonsu a 1817, suna yi wa sarki rubutu da addu'a. A watan Fabrairu na 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta, bayan 'yan kwanaki kuma Kyaftin Glover ya iso da Hausawan da ya ɗauka soja. Daga nan ikon Asante a kan arewa ya karye. Salaga ta soma ja da baya, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. Sa'ad da Turawa suka kama Prempeh a 1896, suka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, hanya ta buɗe har cikin Kumasi. Jirgin ƙasa ya iso a 1903. Zongo ya cika da Hausawa, da Mosawa, da Yarabawa, da Dagombawa, da Wangarawa, Hausa kuwa ta zama harshen da ya haɗa su.

Abin da ya riƙe wannan ciniki duka shi ne amana. Baƙo ya sauka gidan maigida, ya ajiye kuɗinsa a hannunsa, maigida ya samo masa dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Ba takarda, ba kotu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a watan Nuwamba na 1969 ta girgiza Zongo ƙwarai, mutane da yawa suka bar gidaje da shaguna, amma wannan al'ada ba ta mutu ba. Da aka sassauta dokokin shigo da kaya bayan 1983, 'yan kasuwa suka fara zuwa Lome da Legas, sa'an nan Dubai da Bankok da Hong Kong. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai Guangzhou ta janye su, musamman unguwar Xiaobei, inda Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa saboda abincin halal. Wani shehun malami ɗan Gana, Adams Bodomo, ya buga littafi a 2012 a kan 'yan Afirka mazauna Sin, har da na Makao.

Me ya kai ɗan kasuwa Makao? Biza ce. Yawancin bizar kasuwanci ta Sin takan ba mutum kwana 30 a kowace shiga, alhali kuwa masana'anta ba ta cika gama kaya a wata ɗaya ba. Hong Kong da Makao suna ƙarƙashin Sin, amma kowace tana da nata shige da fice, don haka wanda ya ƙetare zuwa Makao ya fita, in kuma bizarsa ta shiga da yawa ce, zai iya komowa da sabon hatimi. Al'amarin ya tsananta a 2008, lokacin wasannin Olimfik na Beijing, sa'ad da aka matsa dokar biza, 'yan Afirka da dama suka maƙale a Makao suna jira. A 2010 kuma hukumar Makao ta ce 'yan Nijeriya sai sun nemi biza tun daga gida kafin su shigo. Wato dai ga mutumin Zongo wannan tafiya ba yawon shan iska ba ce tun asali. Sai dai in mutum ya riga ya ƙetare, yana da yini guda a hannunsa, babu kuma abin yi sai kallon gari.

Daga Guangzhou ana zuwa Zhuhai a mota ko jirgin ƙasa, a ƙetare iyaka a Gongbei da ƙafa. Daga Hong Kong kuwa jirgin ruwa mai gudu kan yi kamar awa ɗaya, tun 2018 kuma akwai gada mai tsawon kilomita 55. Garin ƙarami ne, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 33 ne, mutanensa ba su kai 700,000 ba, amma a 2019 baƙi kusan miliyan 39 suka shigo shi. Abu na farko da baƙo zai tarar a bakin iyaka shi ne motocin gidajen caca a jere, masu sanyi, suna ɗaukar kowa kyauta. Ba su tambayar ko mutum zai yi caca. Sun san hali.

Wanda ya taɓa zuwa Elmina, in ya shiga tsohon garin Makao, zai ji kamar ya san wurin. Dalili kuwa, magina ɗaya ne. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482 domin zinariya, wajen 1557 kuma suka sami izinin zama a Makao domin siliki da azurfa, suna biyan kuɗin haya ga hukumar Sin. Sunan garin ma ana danganta shi da ɗakin bautar A-Ma, wanda masunta suka gina tun kafin Turawa su zo, yana nan har yau a bakin ruwa, hayaƙin turare na tashi. A dandalin Senado an shimfiɗa ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe kamar igiyar ruwa, sunayen tituna kuma da harshen Fotugal da na Sin. Daga nan ƙaramin lungu cike da masu sayar da busasshen nama da waina zai kai mutum ga matakala 68, a samansu kuwa ga bango ɗaya tsaye, ba ɗaki a bayansa. Wannan shi ne abin da ya rage na majami'ar da ake kira ta Bulus, wadda aka fara gininta a 1602, gobara ta cinye ta a 1835. Cikin waɗanda suka sassaƙa duwatsunta har da Kiristocin Japan da aka kora daga ƙasarsu. Kowa a nan yake ɗaukar hoto, sa'an nan yawanci su juya.

Da sun ƙara 'yan taku zuwa kan tudun da ke gefe, inda ganuwar Monte take da tsofaffin igwoginta, da sun tsaya a wurin da ya fi shafar ɗan Afirka. A ranar 24 ga Yuni 1622 Turawan Holan suka kawo wa Makao hari da jiragen ruwa 13, suka sauke mayaƙa kusan 800. Sojan Fotugal a garin kaɗan ne, gama 'yan kasuwa da yawa suna Guangzhou wajen ciniki. Wani fada mai suna Giacomo Rho ya harba igwa daga wannan tudu, harsashin ya faɗa kan gangar albarushin maharan, sahunsu ya rikice. Waɗanda suka auka musu daga nan, suka kore su har cikin teku, da yawansu bayi ne baƙaƙen fata, waɗanda aka kawo galibi daga gabashin Afirka. Shugaban Turawan Holan a Batabiya, Jan Pieterszoon Coen, shi kansa ya amsa a rubuce cewa bayin ne suka ci su. An 'yanta wasunsu a ranar. Shekara 15 bayan wannan, a 1637, waɗannan Turawan Holan ɗin suka ƙwace Elmina daga hannun Fotugal, suka riƙe ta har 1872. Makao kuwa ta zauna a hannun Fotugal har ranar 20 ga Disamba 1999. Abin takaici ne yadda masu yawon kallo ke wuce wannan labari, ba su san cewa jinin 'yan Afirka ne ya tsare garin ba. A ƙarni na 20 ma an riƙa kawo sojoji daga Mozambik su yi gadi a nan, har yau kuma gidajen abinci na Makao suna da wata gasasshiyar kaza mai yaji da suke kira kazar Afirka.

Akwai wani gini kuma kusa da ɗakin A-Ma, mai bakuna irin na masallaci, wanda aka gina wa 'yan sandan da aka kawo daga Goa ta Indiya. Shekarar gininsa 1874, wato shekarar da aka ƙone Kumasi. Dabarar ɗaya ce nan da can: mai mulki ya ɗauko baƙo daga nesa ya ba shi bindiga, domin baƙo ba shi da dangi a gari. Musulmin Makao ba su da yawa, amma suna da ƙaramin masallaci da maƙabarta a Ramal dos Mouros, kusa da matattarar ruwan garin. Nan ne baƙo zai nema in azahar ta yi.

Caca ba ita ce sana'ar Makao ta fari ba. Shekara kusan 300 tana cin abinci da dillanci tsakanin Sin da Turai, kamar yadda Salaga ta ci tsakanin Asante da ƙasar Hausa. Da Ingila ta karɓi Hong Kong a 1842, mai tashar ruwa mai zurfi, manyan jirage suka koma can, Makao ta zama kufai a harkar ciniki. Salaga da hanya ta kauce mata, sai ta koma ƙaramin gari. Makao kuwa ta nemi wata hanya, ba kuma mai kyau ba. Wajen 1850 hukumar Fotugal ta halatta caca domin ta sami haraji. A shekarun nan ne kuma garin ya zama tashar da ake loda talakawan Sin a kai su aikin ƙarfi Kyuba da Peru, da yawansu ta hanyar yaudara ko bashin caca, har aka hana a 1874. Cacar wancan lokaci ita ce fantan: a kife ƙoƙo a kan tulin kwabbai, a riƙa cire su huɗu-huɗu, mutane su ci ko su faɗi a kan abin da ya rage. A 1962 aka ba kamfanin Stanley Ho ikon caca shi kaɗai, ya riƙe shekara 40. Da aka buɗe ƙofa ga wasu a 2002, kamfanonin Amurka suka shigo. Sands ya buɗe a 2004, Venetian kuma a 2007, a kan filin Kotai wanda aka cike teku aka samar. A 2006 kuɗin cacar Makao ya wuce na babban titin Las Vegas, a 2013 kuma ya kai kusan dala biliyan 45. Sirrin abin shi ne an hana gidajen caca a sauran ƙasar Sin. Kafin 2020 harajin caca ne ke kawo fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin gwamnatin garin.

A cikin Venetian an yi rafi na ƙarya da kwale-kwale, an zana sararin sama a rufi yadda kullum kamar la'asar sakaliya ce. A zauren caca ba taga, ba agogo a bango. An tsara hanyoyin yadda mai neman abinci ko makewayi sai ya gifta kusa da tebur. To, a nan ne tsohuwar al'adar Zongo take gamuwa da gwaji. Ɗan kasuwar da ya zo daga Kumasi ba safai kuɗinsa kaɗai yake ɗauke da su ba. A cikin jakarsa akwai na yayarsa mai sayar da atamfa, da na maƙwabci mai son injin niƙa, da adashin matan gida, sau da yawa kuma tsabar dala ce, ba rasit. Addininsa ya hana shi caca, haka ma na abokin tafiyarsa Kirista ɗan Asante ba ya sa mata albarka. Amma a Kumasi idon jama'a na taimaka wa addini, a Makao kuwa ba wanda ya san sunan ubansa. Wasan kati da aka fi yi a can ba ya ɗaukar minti ɗaya, gidan kuma yana da ɗan rinjaye a kowane zagaye, kashi ɗaya da 'yan kai cikin 100 kawai. Wannan ɗan rinjaye ne ya gina benayen da baƙo ke ɗaga kai yana kallo. Madugun dā yakan tsare ayarinsa daga 'yan fashin Borgu da mashi da kibiya, amma mai tafiya Makao shi kaɗai yake, shi ne madugu, shi ne jagaba.

Shekarar 2020 ta katse wannan zirga-zirga. A watan Fabrairu aka rufe gidajen cacar Makao na kwana 15 saboda annobar korona, a watan Afrilu kuma aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal a Guangzhou, har Gana da Nijeriya suka kira jakadun Sin suka nuna ɓacin ransu. Iyakar Sin ta zauna kusan a rufe har farkon 2023. A tsakanin nan 'yan kasuwa da dama suka koyi yin oda ta WhatsApp da WeChat, su aika kuɗi ga wakili a Guangzhou, wanda zai duba kaya ya loda su. Wakilin nan aikin maigida yake yi, sai dai baƙonsa ba ya kwana a zaurensa. Kwantena kan yi fiye da wata guda a teku kafin ta iso Tema, daga nan babbar mota ta ɗauko ta zuwa Kumasi, a sauke kaya a raba wa masu su, kowa da sunansa a jikin kwali.