Kafanchan, Garin da Dogo Ya Gina

Baƙon da ya sauka a tashar Kafanchan a shekarun 1950, ƙarar ƙarfe da hayaƙin kwal ne ke fara yi masa maraba, kafin ya ji sallamar kowa. Ƙasar Fantswam ce tun asali, amma garin da ake gani yau jirgin ƙasa ne ya zana shi. A 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi, ya haɗe da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Kafanchan ce mararrabar.

Gine-ginen Turawa ba su da wani ado. Gidajen ma'aikatan reluwe ne a jere, masu rufin kwano da baranda, ga rumfar gyaran injuna, ga tankin ruwa a sama. A wancan zamanin, armashin garin a bakin titi yake. Direbobi da akawu Inyamurai, 'yan tireda Yarbawa, mahauta da fatake Hausawa, matan Kagoro da na Bajju ɗauke da doya da acca, duk a kasuwa guda, kuma Hausa ce ke raba musu gardamar ciniki. Har sarauta sai da ta biyo dogo: a farkon shekarun 1930 fadar Sarkin Jama'a ta baro Jama'a Sarari ta dawo nan. Rikicin 1966 ya kwashe ma'aikata da yawa zuwa Gabas, daga baya tirela ta ƙwace wa jirgi kaya, tashar ta yi tsit.

Sabon jirgi ya zo kudancin Kaduna, sai dai ta wata ƙofar. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa layin Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186, aka buɗe shi a Yulin 2016. Ya ratsa ta Jere da Rijana, da tasoshinsa masu gilashi da tayil da shinge, irin waɗanda mai tallan gyaɗa ba ya kusantar tagar tarago. Kafanchan kuwa tana can gabas a kan tsohon siririn layi.

A Maris 2021 aka ƙaddamar da gyaran wannan layin, daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma kamfanin na Sin aka ba kwangilar. A 2024 jirgin fasinja ya fara kaiwa Aba daga Fatakwal.