Waƙar Coventry: Tarihin Karinta, Tafiyarta da Yanayinta

Waƙar Coventry, wadda Turawa ke kira Coventry Carol, tana cikin tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti na Ingila da ƙungiyoyin mawaƙan coci ke rerawa har yau. Ta fita daban da sauran waƙoƙin bikin, domin babu murna ko kaɗan a cikinta. Waƙar reno ce a bakin iyaye mata da suka san ana zuwa a kashe musu jarirai, kuma daga wannan hali ne sanyin tafiyarta da nauyin karinta suka samo asali.

A kan titi aka fara rera ta, cikin wasan kwaikwayo. A birnin Coventry da ke tsakiyar Ingila, ƙungiyoyin masu sana'a sun saba nuna labaran Littafi Mai Tsarki a kan manyan amalanke lokacin idin Corpus Christi, wanda ke faɗowa a farkon watannin zafi na Turai, nesa da Disamba. Tun 1392 rubuce-rubucen birnin suka ambaci waɗannan wasanni. Teloli da masu aske bayan yadin ulu su ne ke da alhakin nuna haihuwar Yesu har zuwa kisan jariran Baitalami da sarki Hirudus ya ba da umarni, kamar yadda ya zo a Matiyu sura 2. Ana dab da shigowar sojoji sai mata uku su fito rungume da 'ya'yansu suna lallashinsu da wannan waƙa. Maza ne ke fitowa a matsayin matan, bisa al'adar wasan wancan zamani.

Robert Croo ya kwafe rubutun wasan a 1534. An hana wasannin bayan 1579, lokacin da hukumomin Furotesta suka matsa wa al'adun da suka gada daga Katolika. A 1591 ne Thomas Mawdyke ya ƙara waƙoƙin da karinsu a ƙarshen littafin. Thomas Sharp, wani mai binciken kayan tarihi ɗan Coventry, ya buga rubutun a 1817, ya sake bugawa tare da karin a 1825. Da bai yi haka ba da waƙar ta tafi har abada, domin gobarar da ta cinye ɗakin karatun Birmingham a 1879 ta haɗa da ainihin littafin. Duk abin da ake rerawa yau daga kwafin Sharp ya fito, da kurakuransa da komai.

An tsara karin ne don murya uku, babu kayan kiɗa, kuma an fi rera shi a kan ma'aunin G ƙarami. A kiɗan Turawa ma'auni iri biyu ne aka fi sani, babba da ƙarami, kuma abin da ya raba su shi ne sauti na uku daga tushe: idan ya ɗan sauka da rabin taki, kunne sai ya ji duhu da juyayi. Waƙar na tafiya cikin wannan duhun, muryar sama tana kewaya sautuka kaɗan kusa da juna kamar uwa na jijjiga goyo. Sai a gaɓar ƙarshe sautin nan na uku ya ɗaga da rabin taki, haɗin muryoyin ya koma babban ma'auni. Masana na kiran wannan dabara na-ukun Picardy, da sunan wani yanki a arewacin Faransa, kuma ta zama ruwan dare a kiɗan ƙarni na 16. Amma a nan tana da wani irin ciwo. Bayan an ambaci fushin Hirudus, sai muryoyi su sauka a kan haske, kamar uwar da ke tilasta wa kanta murmushi don kada yaro ya tsorata. Mai sauraro ya san abin da ke tafe, jaririn bai sani ba.

Akwai kuma wurin da murya ɗaya ke riƙe sautin F, wata kuma ta taɓa F da aka ɗaga, sautukan biyu su yi karo. Mawaƙan Ingila na wancan zamani irin su Thomas Tallis da William Byrd sun yi amfani da irin wannan gogayya da gangan. Masu gyaran waƙa na baya sun sha goge ta don ta yi daɗin ji, kuma wannan asara ce, domin a daidai wurin ne kuka ke ɓallewa daga cikin lallashi.

Batun saurin tafiya babu wanda ya rubuta shi a 1591. Na'urar auna bugun kiɗa ma sai a 1815 aka yi rajistarta. Tsohon karin yana sauya ƙidaya tsakanin bibbiyu da uku-uku, yana bin nauyin kalmomi. Tsarin murya huɗu da ya yaɗu daga baya ya daidaita shi a kan bugu uku cif. Littafin The Oxford Book of Carols na 1928 ya kawo tsohon da kuma na zamani wanda Martin Shaw ya tsara. Yawancin ƙungiyoyi na rera ta a hankali da murya ƙasa-ƙasa, su ɗaga murya da ɗan hanzari a baitin Hirudus, sannan su sake lafawa. Idan aka ja ta fiye da kima sai jijjigar renon ta ɓace, ta koma waƙar jana'iza zalla, alhali jariran suna raye a lokacin da ake rera musu ita.

A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa Coventry ruwan bama-bamai, babbar cocin birnin ta ƙone. Ranar Kirsimetin shekarar BBC ta watsa shiri zuwa ƙasashen daular Birtaniya daga cikin kangon cocin, inda shugabanta Richard Howard ya yi magana kan kawar da tunanin ramuwar gayya daga zuciya, mawaƙa kuma suka rera wannan waƙa tsakanin bangayen da babu rufi. Daga baya mai tsara kiɗa Kenneth Leighton ya yi wa baitocin sabon kari mai muryar mace guda da ke hawa sama da sauran. Coci-cocin Ingila na rera waƙar a hidimomin Kirsimeti, da kuma ranar 28 ga Disamba, ranar tunawa da jariran Baitalami.