Babban Gwani da Ɗaliban Zariya: Tarihin Masu Zane da Suka Yi Gini da Ƙasa

A nan Dandin Mahe, da Shagari, da Boɗinga, idan yaro ya cika littafinsa da zane-zane, ko ya zauna bakin tafki yana mulmula laka, tambayar da muke yi masa ɗaya ce: "To wannan me zai ba ka?" Tarihi yana da amsa, kuma amsar ta bi ta Zariya har sau biyu.

Karo na farko a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim ne, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A lokacinsa ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Duk kayan aikinsa daga gona da daji suka fito. Ƙasa da ciyawa aka kwaɓa aka yi tubali. Giginya ta ba da azara, itacen da gara ba ta cika damu ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin babban ɗaki, don haka sai a jera su, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har su haɗe a sama su zama bakan gizo. Kafin yaɓe ya bushe, sai magini ya sa yatsa ya fitar da ado a jikin ginshiƙi da bango. Da yake addini bai yarda da surar abu mai rai a masallaci ba, adon ya koma layuka masu lanƙwasa da siffofi masu kusurwa. Magini na wancan zamani mutum uku ne a jiki ɗaya: mai gini, mai sassaƙa, mai zane.

Karo na biyu ya zo bayan fiye da shekara ɗari. A Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yawancin malaman sashen zane Turawan Ingila ne, kuma salon Turai suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya mai suna Zaria Art Society, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Demas Nwoko. Ba su ƙi ilimin aji ba. Abin da suka ce shi ne a ɗauki dabarar da aka koyo a ɗaura ta a kan al'adar gida, kamar yadda manomi yake yi wa mangwaro aure: reshe baƙo, saiwa ta ƙasarmu. Ƙungiyar ta watse a 1961 da suka kammala karatu, amma tunanin ya bi su.

Wanda ya kai wannan tunani har cikin gini shi ne Demas Nwoko. An haife shi a 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin jihar Delta ta yanzu, ya yi karatu a Zariya daga 1957 zuwa 1961. Da fenti ya fara. Daga nan ya je Faransa ya koyi tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ibadan. Ya yi ta sarrafa yumɓu yana gasawa, yana koyi da tsoffin kayan Nok da aka tono a kudancin Kaduna. A ƙarshen shekarun 1960 ya fara gina wurin aikinsa a Ibadan, a farkon shekarun 1970 kuma ya tsara majami'ar 'yan ɗarikar Dominikan a garin. Jar ƙasar wurin yake haɗawa da ɗan siminti ya buga bulo, ya bar bango da launinsa na asali. Ginshiƙan katako da hannu ake sassaƙa su. Yana tsara kafofi ta yadda iska za ta ratsa, haske ya shigo, ɗaki ya yi sanyi ko babu wuta. Bai taɓa samun digirin tsara gine-gine ba, amma a 2023 babban baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya ya ba shi lambar Zakin Zinariya, don karrama aikin rayuwarsa.

A wannan shekarar dai, cikin watan Agusta, wani ɓangare na masallacin Babban Gwani ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Cikin 'yan watanni, duniya ta karrama ginin ƙasa a Turai, mu kuma muka ga yadda mafi darajar namu ya tsufa a hannunmu.

Kada mu ɗauka sai wanda ya shiga jami'a ne duniya take gani. Idan aka tsallaka iyaka ta Illela zuwa jihar Tawa a Nijar, akwai ƙauyen Yama. A can wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da ƙasa da itace. Daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da nata fasali. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Bahaushe ne kamarmu, ƙasarsa irin tamu ce, zafin ranarsa ma irin namu.

To ina muka tsaya? Kowa ya san dalilin da ya sa muke komawa bulo da kwano. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, kuma damina mai ƙarfi tana iya kayar da shi, musamman idan indararo ya toshe ko ruwa ya kwanta a gindin bango. Amma kowa ya san ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ya kuma san sanyin tsohon soro a wannan lokacin. Abin da Nwoko ya nuna shi ne ana iya gyara raunin ƙasa ba tare da an yar da ita ba. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai da masu sanin ta: wace ƙasa ce take riƙe bango, kwana nawa kwaɓi zai yi kafin a ɗora, yaya ake jiƙa kwasfar ɗorawa a yi makuba. Wannan ilimi a kan dattawan magina yake, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da nasa.

Rumbunan da ke bayan gidajenmu, masu ciki kamar tulu, aikin sassaƙa ne da aka ɗora da hannu zobe bayan zobe. Ɗalibanmu masu son zane su fara daga nan. Su zana rumbu da zaure da zanko kafin a rushe su, su auna kaurin bango, su zauna gaban tsohon magini da littafi da waya su ɗauki sunan kowane abu da yadda ake yin sa. Mu kuma iyaye, idan mun ga yaro da laka a hannu, mu kai shi wurin magini kafin mu kai shi wurin bulala.

Wanda ya san tsohon soro ko rumbu mai ado da har yanzu yake tsaye a unguwarsu, ya ɗauko mana hotonsa tare da izinin masu gida. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.